Mai Jajayen Jirage

Sagiru ya jingine babur ɗinsa a jikin dangar gidansu na Garo, ya gaida mahaifiyarsa Inna Asta a gurguje, ya wuce ɗakin zaure. Tsohuwar kwamfutar marigayi mahaifinsu Baffa tana nan da ƙatuwar ƙeyarta, an lulluɓe ta da zane. Ya jona ta da wutar sola, ya zauna yana jiran ta gama nishinta.

Jajayen jirage sun motsa. Ya sauke ajiyar zuciya.

Wasan tsoho ne tukuf, na yaƙin mallakar taurari, irin wanda mutum biyu ke yi a na'ura ɗaya: ka tsara jiragenka ka adana, abokin karawarka ya zo ya tsara nasa. Tun suna yara suke yin sa da yayansa Badaruddeen, shi shuɗi, yaya ja. In sun gaji su koma na ɗan mutum-mutumin ƙarfen da ke tsallake ramukan wuta, su yi ta ihu, Inna na bakin ƙofa tana kaɗa nono tana mitar wannan akwati sai ya cinye musu ido.

Yanzu ba ihu, ko sallama babu. Bara Sagiru ya sayar da saniyar ƙarshe da ta rage a garken Baffa bai shawarci kowa ba, da yayan ya yi magana kuma sai Sagiru ya yaɓa masa abin da ba a gaya wa na gaba. Badaruddeen ya koma shagonsa na maganin dabbobi a Kabo, ya daina ɗaga waya. Sagiru ya koma koyarwarsa a Gwarzo, abin na cin sa dare da rana, amma girman kai, rawanin tsiya, ya hana shi zuwa ba da haƙuri.

Wata Juma'a, don kewa kawai, ya buɗe wasan da suka bari a tsakiya ya motsa shuɗayen jiragensa. Da ya dawo mako na gaba sai ya tarar an motsa jajayen. Wa ya san jajayen nan in ba yaya ba? Tun daga ranar bai ƙara fashin Juma'a a Garo ba, shi da a da sai Inna ta yi aike kafin a ga ƙeyarsa.

Tambaya kuwa babu hali. Badaruddeen ɗan fari ne, ko sunansa Inna ba ta kamawa, balle ta zauna hirar zuwansa da tafiyarsa. Sau ɗaya Sagiru ya gwada.

"Inna, an yi baƙo daga Kabo ne?"

Ta ci gaba da tankaɗenta. "Ci tuwonka kafin ya huce."

Abu ɗaya ya lura da shi: hannun yaya ya sauya. A da Badaruddeen ɗan hari ne, kafin ka gina sansani ya ƙone maka biyu. Yanzu manyan jiragen suna kewaye, ƙananan a tsakiya, ba mai ƙetare iyaka. Sagiru ya kasa gane ko lallashi ne ko raini. Rannan zuciya ta ɗebe shi, ya afka wa wata duniya ta jajayen a cikin wasan ya mayar da ita toka, don dai ya ga abin da za a yi.

Makon nan bai ji daɗin abinci ba. A aji ya rubuta lissafi ya goge, ya sake rubutawa. Ya tabbata ya tsinke ɗan zaren da ya rage tsakaninsu.

Da Juma'a ta zagayo ya tarar ba a rama ba. An tattara jiragen da suka tsira an mayar cikin garke, sannan an turo jirgin abinci zuwa wata duniyarsa da yunwa ke ci. Ya kifa kai a kan tebur ya yi kuka sosai, ya ce a ransa mako mai zuwa sai Kabo.

Bai kai ga zuwa ba. Ƙanwarsu Hajaratu ta kira shi tana kuka: Inna ta faɗi a bakin rijiya, ɓarin hagunta ya shanye, magana ta ɗauke. Aka kwantar da ita a asibiti a Gwarzo. Likita ya ce hawan jini ne, ya tambaya ko akwai abin da ke damunta a gida. Sagiru ya kawar da kai.

Da Sagiru ya je Garo ɗebo mata kaya sai ya kunna kwamfutar. Jajayen suna inda suke. Wata Juma'ar ma haka. Ya gane saƙon: yaya ya ɗora masa alhakin ciwon Inna, ya rufe ƙofar da ta rage. A asibitin ma sai Sagiru ya fita sallah Badaruddeen ke shigowa.

Ran nan Sagiru ya ƙi fita. Da yayan ya shigo, Sagiru ya zube a gabansa a gefen gadon.

"Yaya, don Allah ka yafe min. Na yi laifi. Ko ba za ka yi min magana ba, kar ka daina wasan. Shi kaɗai ya rage min."

Badaruddeen ya dube shi da jajayen idanu. "Wane wasa kuma? Rabona da ɗakin zauren nan tun ranar saniya."

Hajaratu ta sunkuyar da kai, ta rufe baki da gefen mayafi. "Ni kunna kwamfutar kawai na koya wa Inna," in ji ta.

Su duka suka juya ga gadon. Idon Inna a rufe yake, amma hannunta na dama yana zamewa a hankali a kan bargo, manuniyar yatsarta tana dannawa, tana dannawa, tana mayar da jajayen jiragenta cikin garke kafin Juma'a.