Wandon Barnaby Majemi

Duk Ingila babu wanda ya riga Barnaby majemi taɓa Linjilar Turanci, alhali ko bihim bai sani ba. Cikin cushen wandonsa ya ɗinke takardunta, lokacin ana ƙona mutum a kansu.

A ƙofar gari dogarai suka rutsa shi, gaba mashi, baya mashi.

"Kai mai warin fata, tuɓe!" in ji babbansu.

Barnaby ya fara jin ƙaurin kansa.

"Talaka da wando mai cushe irin na manya? Doka ta hana!" in ji babban.

Ya ƙwace wandon ya saka, ya ratsa masu binciken Linjilar suna rusuna masa. Da giya ta kayar da shi a mashaya, Barnaby da ke biye da shi ya zare abinsa.

Mai musu ya zo ya sansana wandon, warin giyar na nan!