Limamin da Aka Kora Wurin Tumaki

Kai da kake ta kai gwauro kana kai mari don a ɗauke abokin aikinka a jefa shi ƙauye, zauna ka ji wannan tukuna.

A zamanin da Kiristocin Turai suka dare biyu, wani sarki ya naɗa wa Romaniyawan ƙasarsa bishop, wato babban limamin coci, ɗan sabuwar ɗariƙar Furotesta. Mutumin fa ba laifi, ya sha karatu, har ya juya musu addu'o'i zuwa harshensu don kowa ya ji abin da yake faɗa wa Ubangiji. Sai dai a garin da ya zauna akwai wani limamin coci na tsohuwar ɗariƙa, tsoho mai gemu buzu-buzu, wanda karatun ma da ƙyar yake haɗa shi. Amma shi ya yi wa rabin garin baftisma, shi ya binne musu iyaye. Ranar Lahadi a cika cocin bishop maƙil saboda tsoron sarki, ana tashi kuwa sai a zarce gidan tsoho da burodi da cuku, a baje ana hira ana dariya har yamma. Bishop na hango su ta taga, abinci ya ƙi shiga. Yakan ce shi ke wahala, wani can na kwashe gaisuwa. So yake a so shi kamar yadda ake son tsohon nan, abin ya tsaya masa a wuya kamar ƙayar kifi.

Da kishi ya ci ƙarfinsa, sai ya sa aka kori tsoho zuwa kan duwatsu, inda a ganinsa ba kowa sai tumaki da kyarketai. Kaico, ɗan birni! Bai san cewa da zafi ya shigo, makiyayan ƙasar kaf can suke hawa da garkunansu ba. Suka tarar da tsoho a bukka, suka ba shi madara, shi kuma ya yi jinyar marasa lafiyarsu, ya sa wa 'yan raguna albarka. Da sanyi ya koro su, kowa ya sauka ƙauyensu da labarin bawan Allahn da aka zalunta.

Shekara ta zagayo, bishop ya fita rangadi wani ƙauye mai nisa, inda da ko sunan tsohon ba a taɓa ji ba. Ya tarar da coci wayam. Ya tambayi mai gadi ina jama'a.

Mai gadi ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, sun hau dutse da jariransu, wurin tsohon nan da ka turo mana kusa. Allah ya saka maka da alheri."

Bishop ya juya ya kama hanyar gida. Da ya bar tsoho a inda yake, da gari ɗaya kawai zai raba da shi, ga shi yanzu da hannunsa ya miƙa masa ƙasar baki ɗaya. To, ka je ka yi tunani, don Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce hassada ga mai rabo taki ce.