Zaman Makokin Uwar Dagaci

Zubairu, ka ce ranka ya ɓaci da labarin manyan da suka rufe wa jama'a kasuwa da masallaci saboda annoba, su kuma suka tara mutane a gidajensu. Ni tsoro labarin ya ba ni. Gyara zama in ba ka misali tun bai kwanta mini ba.

A wani gari da na taɓa yada zango can gabas, sunansa ya ɓace mini, agana ta shigo a farkon bazara. Ta fara da unguwar mahauta, ko kuwa ta maƙera ce, Allah masani, kafin wata ya mutu dai babu lungun da ba ta leƙa ba. Dagacin garin ya sa mai shela ya zaga da doka: wanda ya rasu mutum huɗu ne za su kai shi, ba zaman makoki, ba sadakar uku, ba mai shiga gidan wani gaisuwa. Doka ce mai ɗaci, amma mutane suka haɗiye ta. Cikinsu akwai wani marini da matarsa ta rasu da hantsi. Shi da maƙwabta uku suka kai ta, ya dawo ya tarar da ƙofar gidansa fayau, ko tabarma ɗaya babu. Dangin matar suna wani ƙauye, tafiyar rabin yini, ya aika musu kada su zo. 'Ya ɗaya ta rage masa, budurwa, ita kaɗai yake kallo a duniya. Ya daina zuwa karofi, ya tokare ƙofa da itace. Kullum da safe sai ya kira ta cikin haske ya duba goshinta da bayan hannuwanta, ko ƙurji ya fito. Garin ya yi mako bakwai tsit, har masu haƙar kabari suka fara samun yinin da ba a kira su ba.

Sai mahaifiyar dagaci ta rasu, tsufa ne kawai, ba agana ba. Dagaci ya ce uwa ba kamar kowa ba ce. Aka shimfiɗa tabarmi tun daga zaure har gindin durumi, baƙi suka zo daga garuruwa, aka kwana uku ana musabaha ana raba gumba, mutanen gari na leƙe ta darni. Wata tsohuwa dai mai daddawa ta ce a bakin rijiya, ashe su nasu da suka mutu kaji ne. Washegari wani gida ya fito da tabarma domin mamacin da aka binne tun wata guda, kafin Juma'a duk gidan da aka yi rashi ya buɗe makokinsa. Surukan marini suka iso, su fi goma, suka tsaya a ƙofa. Ya roƙe su ta bayan ƙyaure su yi wa Allah su koma. Wan marigayiyar ya ce masa, "An zauna wa uwar dagaci kwana uku. Tamu ce ba ta kai ba, ko dama ba ka so ta ba?" Marini ya cire itacen. Yarinyar ce ta yi ta kai wa baƙi ruwa, moɗa ɗaya tana yawo daga baki zuwa baki. Cikinsu akwai wata gwaggo da ta lulluɓe fuska duk da zafin rana, ta ce ciwon kai ne kawai.

Bayan kwana goma sha biyu marini ya kira 'yarsa cikin haske, ya ga abin da yake tsoro. Ba gidansa kaɗai ba ne. Dagaci ya sake tura mai shela, mai shela ya yi ta ratsa tabarmin makoki yana faɗin doka, ana ce masa ya gai da mai dokar barci. Masu haƙa suka gaza, kowa ya koma haƙa wa nasa. Dattawa suka ɗunguma wurin hakimi, marini ya bi su. Da aka ba shi dama ya ce, "Ranka ya daɗe, mun binne namu shiru domin dagaci ya ce ta haka za mu tsira. Shi ne kuma ya nuna mana kamar ƙarya ce, alhali gaskiya ce." Hakimi ya sa aka warware rawanin dagaci a gaban jama'a, mutane suka ce an yi adalci, kuma an yi. Amma da sabon dagaci ya maimaita dokar, ba wanda ya saurare shi, kowa na cewa a jira a ga ranar da tasa uwar za ta rasu. Agana ba ta bar garin ba sai da ta ƙoshi. 'Yar marini ta tashi, amma cutar ta cinye mata ido duka biyu. Na manta abubuwa da yawa, Zubairu, ban manta da ita ba, tana zaune a bakin karofi tana shafa zane da tafin hannu, tana tambayar ubanta ko ya rinu.

A tuhumi shugaban da ya karya dokarsa, a tuɓe shi, daidai ne. Abin da ke firgita ni shi ne jama'ar da ke biye da shi, domin Hausawa sun ce inda saniyar gaba ta sha ruwa, nan ta baya ke sha.