Saiwa Ta Uku

Kumatun yarinyar ya kumbura har ya fara rufe mata ido. Mai ɗinkin da ke riƙon ta ta gwada ruwan gishiri, ta gwada kanumfari, ta sayo ƙwaya a kemis. Duk a banza.

"Ki kai ta asibitin haƙori na ƙetaren gada," in ji mai kemis. "Wannan ya fi ƙarfina."

Tun ranar da mai ɗinki ta fito daga asibiti da zanen goyo babu kowa a ciki, ba ta sake taka ƙofar likita ba. Ƙetaren gada kuwa, tunda ta kwashe keken ɗinkinta ta baro can, ko sayen zare bai sake kai ta ba. Amma yarinyar ta daina cin abinci, kuka ma ba ta iya yi da ƙarfi. Ta sa mata rigar marigayiya 'yarta mai furanni, wadda ta ɗan yi mata kaɗan a hammata, ta ja mata hula har gira.

A ɗakin likita yarinyar ba ta yi gardama ba. Ta haye doguwar kujerar da kanta, ta buɗe baki tun kafin a ce ta buɗe. Da aka ba ta ruwa ta kurkure, ta juya ta tofar a ɗan kwanon da ke hagu.

"Jaruma ce 'yar taki," in ji likitar ta cikin takunkumi. "Wa ya yi mata cikon nan na haƙorin turmin ƙasa?"

"An daɗe. Na manta wurin."

Aka ɗauki hoton haƙorin. Likitar ta ɗaga shi a haske, ta daɗe tana kallo.

"Kin ga nan? Turmin ƙasa na yara saiwa biyu gare shi. Nata uku ne. Akan samu, amma jefi-jefi. Wannan ta ukun kuma ta lanƙwashe kamar ƙugiya. Wanda ya taɓa fama da irinta ba ya mantawa."

"Ciwo ne, likita?"

"Halitta ce. Akwai mai irinsa a danginku?"

"Ban sani ba."

Likitar ta cire wa yarinyar hula a hankali, wai zafi ya yi yawa. Ta dubi fuskar yarinyar. Sannan ta yi mata allura, ta ce sai ta kama kafin a taɓa haƙorin, ta fita da wayarta a hannu.

Allurar ta kama, likita ba ta dawo ba. Wata nas ta shigo ta tsaya a bakin ƙofa tana jera almakasan da ta riga ta jera. Mai ɗinki ta ce za su je su dawo gobe. Nas ta ce ai ba a tafiya da yaro baki a mace.

Mai ɗinki ta koma ta zauna. Ta kama ƙafar yarinyar tana murzawa. Ta yi mata alkawarin 'yar tsana, da sabuwar riga mai aljihu. Yarinyar dai ƙofa take kallo.

Sai ga gudu a baranda. Wata mata ta faɗo ɗakin, takalmi ƙafa ɗaya, mayafi a hannu, ɗan sanda biye da ita. Ta kira wani suna da mai ɗinki ba ta taɓa ji ba.

Yarinyar ta diro daga kujera, auduga na faɗowa daga bakinta.

"Mama!"

Tun ranar da mai ɗinki ta gan ta ita kaɗai a tashar mota, ta kama hannunta ta wuce da ita, take roƙon yarinyar ta kira ta da wannan kalmar, ba ta taɓa yarda ba.