Faifan Tudun Kuka

Tun da aka daina takarda, wanda sunansa ba ya cikin Rumbun Bayanai ko gishiri ba a sayar masa. Tasalla, mai gyaran na'urorin rumbun, ta yini kan wani faifan ajiyar sunaye da ya lalace. Kwafinsa ma fanko ne.

Shugabanta Mamuda ya leƙo. "Cire shi ki sa sabo."

"Ranka ya daɗe, mutanen Tudun Kuka dubu tara ne a ciki. Sau huɗu ina rubuto maka a canza shi."

"Su zo su sake rajista."

"Wace mota za ta ɗauko marar suna?"

Ta miƙa masa sukudireba. "Ungo, binne su da hannunka."

Bai karɓa ba. Ta ja kujera, ta fara tsamo sunayen ɗaya bayan ɗaya.