Mai Tace Ruwan Kifin Likita

Ka ce tun da aka cuce ka sau ɗaya, duk wanda ya yi kama da mutumin nan ka daina amsa sallamarsa. To, gyara zama in ba ka misali.

Wani dattijo ne daga ƙauyukan fadama ya yi shekara goma sha ɗaya yana aiki a gidan wani likita a Ikko. Ko kofi bai taɓa fashewa a hannunsa ba, kuma ba ya son a manta da haka. Likitan yana da babban akwatin gilashi a falo, cike da ruwan teku, da duwatsu da kifaye. A cikinsu akwai wani ƙaramin kifi da bai wuce tsawon yatsa ba, shuɗi da ratsin ja kamar atamfa. Shi ne ɗan lelen gidan, kuma shi ne mai tsirfa. Sauran kifayen suna cin garin da ake barbaɗa musu, shi kuwa ko kallonsa ba ya yi. Abincinsa wasu ƙananan ƙwarin ruwa ne masu rai, da kyar ido ke ganinsu, yana wuni yana tsince su a jikin duwatsu. Don kada su ƙare, likita ya ajiye wani ƙaramin akwati a cikin kabad ɗin da ke ƙasa, ya cika shi da tsakuwa da ciyawar ruwa, ya bar gansakuka ta yi yadda take so. A nan ƙwarin suke hayayyafa ba mai cin su, wani injin tura ruwa kuma yana ɗebo wasu yana kai wa sama kaɗan-kaɗan. Da tafiyar mako biyar ta kama likita, sai ya damƙa wa dattijon amanar kifayen. Ya nuna masa awon gari, da yadda zai ƙara ruwa in ya ragu, da goge gilashi. Bai ce komai kan akwatin ƙasa ba, don a ganinsa wurin ba ya buƙatar komai sai a ƙyale shi.

Kwana biyu da tafiyar, dattijo ya buɗe kabad yana neman tsumma. Ya ga ruwa kore, ya duƙa ya ƙura ido, sai ga ɗigo-ɗigon abubuwa suna zillo. Gabansa ya faɗi, domin ya san wannan zillon. Yana saurayi kurkunu ya kwantar da shi damina guda cur, ana naɗe tsutsar a tsinke kullum tana fita daga ƙafarsa, gonarsa ta zama ta ciyawa. Bayan haka ne ma'aikatan lafiya suka zo ƙauyensu da ruwan tafki a kwalba, suka ɗaga ta a rana, suka nuna wa jama'a irin waɗannan ƙwari, suka ce su ne ke ɗauke da cutar, kowa ya riƙa tace ruwa da ƙyalle. Tun daga ranar bai ƙara shan ruwan da bai tace ba. Saboda haka bai tsaya shawara da kowa ba, har yana mamakin likita guda da ƙazanta a ƙarƙashin falonsa. Ya sayo sabon farin ƙyalle da kuɗinsa. Ya tace ruwan akwatin ƙasa tas, ya zubar da ciyawar, ya dirje tsakuwar da burushi ya shanya ta a rana. Ya ɗaura wani ƙyallen a bakin bututun da ke kai ruwa sama, kullum da safe ya kwance ya wanke. Ruwa ya yi garau, sai ka ce a sha.

A mako na uku cikin ƙaramin kifin ya fara shafewa. Yana bin duwatsu yana kai baki, ba abin da yake samu. Dattijo ya ga ramar, hankalinsa ya tashi ƙwarai, ya ce ai ga shi nan, ƙwarin sun riga sun sa masa cuta. Sai ya ƙara himma. Ya koma tacewa safe da yamma, har duwatsun babban akwatin ya fitar ya wanke. Da lambar likita a wayarsa, amma ya fi so mai gida ya dawo ya ga aiki da idonsa. Saura kwana uku likita ya dawo, dattijo ya tarar da kifin kwance a kan yashi, ya mutu.

Da likita ya iso, ya saurari bayanin daga farko har ƙarshe, ya buɗe kabad ya ga akwati fes. Bai yi faɗa ba, don shi ma ya san kurkunu, ya kuma san laifin rashin bayani nasa ne. Cewa kawai ya yi, “Baba, ƙwarin ruwan gishiri ba sa ɗaukar kurkunu. Waɗannan su ne tuwon kifin nan.” Dattijo ya ce, “Ranka ya daɗe, ashe da yunwa na kashe shi, ina tsaye a kansa safe da yamma?” Ba a kore shi ba. Amma bai ƙara faɗa wa kowa cewa abu bai taɓa lalacewa a hannunsa ba.

Ni ban ga mugunta a wurin mutumin nan ba, tausayinsa ma nake ji. Ciwon da ya ji gaskiya ne, darasin da aka koya masa ma gaskiya ne, sai dai ya ɗauko shi ya kai inda ba nasa ba, kuma wanda bai ji ba bai gani ba ne ya biya. Kai ma ka duba wa kake horarwa saboda laifin wani. Hausawa dai sun riga sun faɗa: wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.