Yabon da Ya Makara

Ga misali ga duk wanda aka ɗora a kan na ƙasa da shi. An yi wani shehun malami da ke shugabantar ɗakin gwajin jini a wani babban asibiti. Cikin ma'aikatansa akwai wani matashi da ya lura cewa jinin da ake kawowa daga ƙauyuka a kan babur yana yi musu ƙarya. Kafin kwalba ta iso cikin zafin rana, ƙwayoyin jinin sun cinye sukarin da aka aiko a auna, sai a ce wa mai ciwon suga lafiyarsa ƙalau, ya koma gida ƙafa na ruɓewa. Matashin ya yi ta gwaji har ya samo hanyar ware ruwan jinin tun a ƙauye. Malamin ya duba aikin, ya ga irin wanda shi kansa bai taɓa yi ba, amma iyakar abin da ya ce shi ne a gyara rubutun. Haka aka tashe shi: nasa malamin bai taɓa ce masa sannu ba, kuma ya yi imani yabo yana kumbura kan yaro.

To, akwai lambar yabo da ake ba matasan masu bincike, tare da tallafin ci gaba da aiki, kuma shugaba ne ke miƙa suna. Duk shekara in an tambaye shi sai ya ce yaron bai nuna ba tukuna. Ranar da ya ga ya nuna, ya miƙa sunan, aka dawo masa da shi: shekarun matashin sun wuce ƙa'ida. Ba a jima ba matashin ya ajiye farar riga, binciken ya tsaya a rabi, baburan kuma ba su fasa zuwa ba.

Bayan malamin ya yi ritaya, wata rana ya shiga wani shagon magani a bakin tasha, sai ga tsohon ma'aikacin nan nasa a bayan kanta, furfura ta fara keto masa. Ya fito ya durƙusa ya gaishe shi. Malamin ya daɗe yana juya hular da ya cire, sannan ya faɗa masa cewa a duk zamansa a asibiti ba a yi aiki kamar nasa ba.

Mutumin ya ce, "Ashe yana da kyau, Malam? Ni da na ga ba ka ce komai ba, na ɗauka ban iya ba ne."

Wata mata ta leƙo tana neman maganin tari, ya nemi izini ya koma bayan kanta.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, tun ran gini, tun ran zane.